Kular da Rabi Take Kaiwa

Ƙarar taɓarya ce ta fara tayar mini da hankali. Ina zaune a tsakar gidanmu a Jekadafari ina tsince shinkafa, sai ƙanwata Rabi ta kira ni daga ƙasar da take aure. Muna gaisawa ina jin ana daka a kusa da ita. Duk macen da ta taɓa riƙe taɓarya ta san ƙarar turmin da ke da hatsi, ta kuma san ƙarar wanda babu komai a cikinsa. Wannan itace ne kawai yake dukan itace.

Na ce, "Rabi, wa yake neman fasa miki turmi?"

Ta ce, "Ma'u ce, ni na sa ta. Adda, ki saurara da kyau, ba zan maimaita ba. Baban Ma'u ya yi tafiya."

"Tafiya ina?"

"Irin wadda ba shi ya shirya ta ba."

Sai ta kashe wayar. Ma'u 'yarta ce, shekararta bakwai. Daga baya na gane ta sa yarinyar dakan banza ne don kada na bayan katanga su ji abin da take faɗa.

Tun da na dawo, matan islamiyyarmu da maƙwabta ba su bar ni na huta ba. Wannan ta ce yaya ƙasar take, waccan ta ce da gaske ne abin da ake faɗa. Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma duk lokacin da na ba da shi sai na yini jikina a sanyaye. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya. Sunayen da ke ciki ba na gaskiya ba ne, kuma ba zan faɗi sunan ƙasar ko garin ba, domin har yanzu ƙanwata tana can.

Mijin Rabi, Malam Laminu, hatsi yake sayarwa. Tun da sojoji suka karɓi mulkin ƙasarsu kaya suka yi tsada. Wata rana a taron 'yan kasuwarsu ya miƙe ya ce waɗanda suka yi alkawarin gyara su faɗi ranar da za su mayar wa mutane zaɓensu. Wani ya naɗi muryarsa a waya, maganar ta yi ta yawo. Bayan la'asar wata mota marar lamba ta tsaya a ƙofar shagonsa. Ba a kai shi kotu ba, ba a faɗi laifinsa ba. Duk wannan sai da na je na ji shi, a kunne.

Maigidana ya amince in je, amma aikinsa ba zai bar shi ya raka ni ba, sai aka ce yayanmu Hamma Usmanu ya kai ni. Duk wanda ya san teburin mai shayin bakin layinmu ya san Hamma. Tun daga shugaban ƙasa har kansila babu wanda ba ya wanke wa allo kullum safiya, kuma mutum ne mai zuciya ɗaya, abin da ke cikinsa shi ne a bakinsa.

Ina haɗa kaya maƙwabciyata Ya Kaltum ta shigo. Mutuniyar Borno ce, rikici ya kawo su Gombe. Shekarun baya masu kaki sun kwashe samarin unguwarsu har da ɗanta, kuma har yau ba ta ga ko takalminsa ba. Ba ta cika maganar ba. Ranar ta zauna a bakin gadona ta ce, "Maman Sadiku, in kin je kada ki tambayi me ya yi. Kada ki tambayi yaushe zai fito. Ki tambaya kawai, yana cin abinci?" Na ce to, amma a raina gani nake tsoro ne irin na wadda ta sha wuya.

Da safe muka hau mota ta hanyar Dukku. Tun kafin mu fita gari aka ɓarke da musun siyasa. Wani mai sayar da taya a Manawashi ya ce gara soja, Hamma ya ce masa ai shi ko a gidansa ba a zaɓe shi ba, da ƙarfi ya hau. Mota ta kwashe da dariya, har direba yana juyowa yana sa baki ina roƙonsa ya dubi gabansa. A Darazo galan ɗin man gyaɗar da na ɗauko wa Rabi ya tsiyaye a kan farar shaddar Hamma, ya yi ta mita har Kano. A gidan Goggonmu muka kwana, ta wanke rigar da toka da sabulu, amma tabon bai fita ba.

Washegari muka kama hanyar iyaka. A motar akwai wata hajiya mai fataucin atamfa wadda ta saba da hanyar. Da muka kusa, ta juyo ta ce, "Jama'a, kowa ya share wayarsa. Hoto, murya, bidiyo, duk abin da ya shafi gwamnati, tamu ko tasu."

Hamma ya ce, "Hajiya, waya tawa ce fa, ba ta gwamnati ba."

Ta ce, "Haka ne, Alhaji. Da ka tsallaka igiyar can, sai ka yi musu wannan bayanin."

Sai na ga ya sunkuyar da kai yana ta dannawa.

Igiyar da take faɗa igiya ce ta gaske, an ɗaura mata tsummoki an gitta ta a hanya. Aka sauke mu duka. Jandarma, wato 'yan sandansu masu kama da soja, suka karɓi katunanmu, sannan ɗaya ya miƙo hannu a ba shi wayoyi. Tawa bai daɗe da ita ba, karatun Alƙur'ani ne da hotunan yara. Ta Hamma tana hannunsa aka kira. Abin da ya manta bai share ba shi ne ƙarar kiran, waƙar kamfen ce ta wani abokinsa da ya nemi kansila ya faɗi. Waƙar ta cika wurin tana kiran talakawa su fito su kaɗa ƙuri'a.

Jandarman ya bar ta ta yi ta yi har ta katse. Sannan ya ce, "Kai ɗan siyasa ne?"

"A'a, ranka ya daɗe, buhuna nake sayarwa."

"Me ya kawo ka?"

Na riga shi na ce, "Zumunci. Ƙanwarmu ke aure a nan."

Aka zaunar da Hamma a kan wani benci cikin rana, mu kuma aka ce mu koma gefe. Babu zagi, babu duka. Sun ci abincinsu, sun sha shayinsu a 'yan ƙananan kofuna, ba wanda ya dube shi. Ina tsaye ina ta karanta duk abin da ya zo bakina. Sai da inuwa ta juya aka miƙa masa wayarsa aka ce mu tafi. Direba bai yi mana faɗan ɓata lokaci ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro, domin da a gida ne sai ya yi mana tas.

Mutanen da muka taho da su su ne dai, amma motar ta yi tsit. A jikin gilashin kowace mota, a ƙofar kowane shago, har a teburin mai ƙosai, akwai hoton sojan da ke mulki. Na tambayi hajiya mai atamfa ko son sa ake yi haka. Ta ce, "Wasu suna so ƙwarai. Wasu kuma suna son shagonsu." Kafin mu isa mun sauka a igiya ta fi a ƙirga. A wani ƙauye na sayi dogon burodinsu mai tauri kamar sanda, na kasa gutsura, wata tsohuwa ta yi mini dariya ta nuna mini yadda ake tsoma shi a shayi. Hausarsu da daɗi, sai dai su ce lahiya lau, kuma da na buɗe baki sun san daga inda na fito.

Rabi ta rame har ƙashin wuyanta ya fito. Da ta gan mu ba ta yi kuka ba, ta ja mu ciki ta sa sakata tukuna, sannan ta faɗa jikina. Aka sauke Hamma a ɗakin zaure, ni kuma muna ɗaki ɗaya da ita da Ma'u.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne gidan babu kowa. A Gombe ko akuya ce ta ɓata miki, mata za su cika gida da jaje har ki rasa tabarmar shimfiɗawa. A nan an ɗauke mai gida sukutum, amma ko sallama babu. Na ce, "Rabi, wane irin maƙwabta gare ki?" Ta ce in bari sai da safe. Da gari ya waye na fita alwala sai na ga ƙwaryar gero a kan katanga, da ɗaurin itace a gindinta. Rabi ba ta san wadda ta ajiye ba, kuma ba a tambaya. In sun haɗu da mata a famfo, sai ɗaya ta ce, "Yaya matafiyi?" ita kuma ta ce, "Yana gaishe ku." Kowa ya san inda yake. Har yaran unguwa sun iya cewa ya yi tafiya.

Kullum da safe Rabi tana dafa abinci ta zuba a kula ta ɗaure da ɗankwali, ta kai wani gida mai doguwar katanga a bayan gari. Na bi ta. A ƙarƙashin itatuwan dogon yaro mata ne zaune a layi, kowace da kularta a cinya, ba mai hira da ƙarfi. Akwai 'yar ƙaramar taga a jikin ƙofar ƙarfe. In layi ya zo kanki, ki faɗi sunan a hankali, ki buɗe kular, jandarma ya juya abincin da tsinke, ya sa ki ci loma ɗaya a gabansa, sannan ya karɓa. Bayan azahar ki dawo ki karɓi kular babu komai. Ba a ganin mutum, ba a jin muryarsa. Rabi ta ce, "In sun karɓa, yana ciki. Shi ke nan abin da nake da shi, Adda."

Da na ga yadda ta gaji, washegari na riga ta tashi na ce yau ni zan yi girkin. Na yi dafa-duka. Na san Malam Laminu tun yana zuwa zance gidanmu ba ya cin albasa in ya gan ta, sai ya tsince ta ya tara a gefen kwano, har muna tsokanarsa. Don haka na jajjaga ta lukui ta narke a cikin abincin yadda ba zai wahala ba. Ina jin daɗin kaina. Rabi ta fito daga wanka ta buɗe tukunya, ta sa ludayi ta juya, ta sake juyawa.

"Adda, ina albasar?"

"Tana ciki, na jajjaga ta. Ai na san halin mijinki."

Sai ta zauna daɓas a ƙasa. Lokaci ya ƙure, in ta sake girki za a rufe tagar. Ta ce, "Da gangan nake yanka ta manya-manya. In kular ta dawo da albasa a tare a gefe, na san shi ya ci. Na san yana da rai, hannunsa yana aiki, hankalinsa yana jikinsa. In babu, ta yaya zan san ba masu gadi suka cinye ba?"

Haka muka kai abincin, haka muka karɓo kular a sharce, babu abin da za a duba. Yinin ranar Rabi ba ta ci komai ba. Da safe na zauna ina kallonta tana yanka albasa kamar za ta yi talla. Bayan azahar da muka karɓo, ba ta iya jira mu kai gida ba, muna shan kwana ta tsuguna ta kwance ɗankwalin. Ga su nan a gefe, an tara su wuri ɗaya tsaf. Ta rufe fuskarta da mayafi. Muna shiga gida Ma'u ta taro mu da gudu ta ce, "Ya bari?" Uwar ta ce, "Ya bari." Yarinyar ta koma wasanta.

Daga nan na fara lura da sauran matan. Wata dattijuwa da muke zama kusa da ita ta ce nata ɗan yana ɗaure ɗankwalin da irin ƙullin da yake wa dabbobi. Wata kuma mijinta yana kife murfin ciki. Akwai wata amarya da ba su da wata alama, domin ba su daɗe tare ba har ta san abin da ba ya ci. Ita kullum sai ta buɗe kular ta daɗe tana kallo.

Hamma kuwa zaman ya ishe shi. Ya je teburin mai shayi ya dawo yana cewa mutanen garin nan ba su da hira sai ta ƙwallo da ruwan sama. Ya ce a nemi lauya, Rabi ta ce lauyan da ya karɓi irin wannan maganar a bara shi ma matarsa tana layi. Ya ce a je wurin mai unguwa, ta ce shi ya nuna shagon.

Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. A gida in mutum ya shiga wani hali, ko asibiti ko hannun hukuma, mukan yi masa sadaka a kai masallaci, bayan an sallame wani ya miƙe ya ce jama'a a saka wane a addu'a, liman ya ambaci sunansa kowa ya ce amin. Tun muna yara haka muka gani. Na ga an daɗe ana tsare da bawan Allah, ko sau ɗaya jama'a ba su ɗaga masa hannu ba. Ranar Alhamis na jiƙa shinkafa na ce wa Rabi zan soya masa, wato waina, ta sadaka gobe Juma'a. Ta ce Allah ya ba da lada. Ita a tunaninta yara za a raba wa a ƙofar gida. Ni kuma ban ga abin da zan yi bayani a kai ba, kamar in ce zan yi alwala kafin salla ne.

Bayan an sauko Juma'a Rabi ta tafi karɓo kula, ni kuma na soya masa na cika tire. Da aka kira la'asar na miƙa wa Hamma na ce, "Ka ce a saka Malam Laminu a addu'a." Ya ce, "Ai dole."

Masallacin unguwar yana bayan gidan, kuma ana barin lasifika a kunne har a gama addu'a. Ina kan sallaya na ji an sallame, na ji motsi, sai ga muryar Hamma ta cika unguwa. Ya yi sallama, ya ce shi baƙo ne daga Gombe. Ya ce, "Surukinmu Malam Laminu mai hatsi, maƙwabcinku, hukuma tana tsare da shi ba a kai shi gaban alƙali ba. Ga sadaka nan. A taya mu roƙon Allah ya fito da shi, shi da duk wanda aka zalunta."

Na ɗaga hannu na ce amin. Ina jiran in ji amin ɗin jama'a, sai na ji ƙit, an kashe lasifikar. Gidan da ke gefenmu ana wanke-wanke, shi ma aka daina.

Ba a jima ba Hamma ya shigo da tiren a hannu, masa tana nan yadda na jera ta. Ya ce limamin, wani tsoho, ya runtse ido ya ɗaga hannu, leɓɓansa suna motsi amma babu sauti. Kafin ya shafa, sahu ya watse, kowa ya ɗauki takalminsa ba mai duban wani. Mutum ɗaya ne ya matse wa Hamma hannu a bakin ƙofa, shi ma bai ɗago kai ba.

Rabi tun a hanya ta ji. Ta shigo ta sa sakata, ta ajiye kular a hankali. Ba ta ɗaga murya ba.

"Hamma, a nan ba a faɗa."

"Addu'a ce fa, Rabi. Ba zanga-zanga na kira ba. A ɗakin Allah ma sai an nemi izininsu?"

"A wurinsu in mutane suka haɗu suka ce amin a kan sunansa, taro ne."

Na ce, "Ni na sa shi." Ta dube ni, ta ce ta sani, ta san da alheri muka yi. Sannan ta buɗe kular. Albasar ranar tana nan a gefe. Ta daɗe tana kallonta kafin ta wanke.

Da safe muka je layi. Matan da muke gaisawa da su suka amsa a taƙaice. Da aka zo kanmu Rabi ta faɗi sunan, ta fara kwance ɗankwali. Jandarman bai ko ɗauki tsinkensa ba.

"Babu mai wannan suna a nan."

"Jiya kun karɓa, ranka ya daɗe. Kullum kuna karɓa."

"Madam, matsa. Na baya."

Rabi ta ɗaure kular ta koma gindin itace ta zauna, har aka rufe tagar. Dattijuwar nan mai ɗa makiyayi ta matso kamar tana gyara zaninta, ta ce a makon an mayar da kular mata da yawa, wai an kwashe wasu an kai wani gari can cikin hamada. Ta ce wani lokaci kuma horo ne, sai su ƙi karɓa na ɗan lokaci su dawo su karɓa. Ta ce akwai na uku, amma ba ta faɗe shi ba. Har yau ban san ko maganar masallaci ce ta jawo ba, ko dama an shirya. Babu wanda za a tambaya.

Washegari ma aka mayar, ranar da ta biyo ma haka. Limamin bai sake fitowa ba, aka ce ba ya jin daɗi, wani saurayi ne yake jan salla. Ƙwaryar gero ta daina bayyana a katanga. Sai wata hantsi wasu mutum biyu cikin kaftani suka yi sallama. Suka zauna a zaure, aka kai musu ruwa suka sha, suka tambayi Hamma lafiyar iyali da yadda damina take a Gombe. Ina bayan ƙofa ina ji. Da za su tashi ɗaya ya ce, "Alhaji, zumunci ya yi kyau. Amma iyalinka suna kewarka. Akwai motar safe." Hamma, wanda ban taɓa jin an rufe masa baki ba, ya ce, "To."

Da yamma na ga Rabi tana ninke kayan Ma'u tana sa wa a jaka. Na ce ta haɗa da nata, mu tafi gaba ɗaya, in abu ya lafa ta dawo. Na roƙe ta da girman iyayenmu. Ta ce, "Adda, in na tafi, ranar da za su karɓa wa zai miƙa? In ya ga kwana da kwanaki babu kula, zai ce ni ma sun ɗauke ni." Ta ce yarinyar dai take so ta yi nisa, domin an fara tambayar yara a makaranta abin da ake faɗa a gidajensu.

Ba ta raka mu tasha ba, lokacin layi ne. A ƙofar gida muka rabu, ita ta yi gabas da kularta, mu muka yi yamma. Ma'u ba ta yi kuka ba, tana ta waiwaye har muka sha kwana.

A igiyar ƙarshe jandarma ya duba takardar haihuwar yarinyar, ya dube ni, sannan ya tsuguna daidai tsayinta yana murmushi.

"'Yan mata, wace ce wannan?"

"Innata ce."

"Ina babanki?"

Ma'u ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Ya yi tafiya." Ya shafa kanta ya ce mu wuce.

Muna tsallakowa motar ta ɓarke da surutu kamar an buɗe famfo, wannan yana zagin tsadar mai, wancan yana zagin gwamna. Wani ya taɓo Hamma ya ce Alhaji ba ka ce komai ba. Ya ce kansa ke ciwo. Har muka iso Gombe bai sa baki ba, kuma an ce mini har yanzu bai koma teburin mai shayi ba.

Masu tambayata yaya ƙasar take, ga ta nan. Mutanenta masu kirki ne, suna da kunya da karamci, hanyoyinsu ma sun fi namu lafiya. Ba kuma zan ce mu a nan hannunmu wanke yake ba, Ya Kaltum tana katanga ɗaya da ni. Da ta shigo yi mini sannu da zuwa na ba ta labari, ba ta ce ai na faɗa miki ba. Ta jawo Ma'u ta ɗora a cinya ta yi mata kitso.

Rabi tana kira jefi-jefi. Ba ma doguwar magana. In na ce yaya, sai ta ce, "Yau ma na dawo da abincin." Gobe kuma ta sake dafawa.

Ma'u ta shiga makaranta tare da ɗana Sadiku, tana ci tana wasa, sai dai in an buɗe rediyo ana musun siyasa takan tashi ta rufe taga. Shekaranjiya bayan magariba ina kan sallaya tana kwance a gefena. Na ɗaga hannu ina roƙo, kuka ya zo mini, ban san muryata ta fito ba. Na ce ya Allah, bawanka Laminu, kai ka san inda yake. Sai na ji ɗan tafin hannunta a kan bakina. Ta leƙa ƙofa, ta dawo da bakinta daidai kunnena.

"Inna, ki yi a zuci, Allah yana ji. In kika faɗi sunansa, gobe ma ba za su bar shi ya ci abinci ba."